Yadda na bi na samo lasisin kemis ɗinmu bayan jinyar Kawu

Ni dai a kemis na tashi. Tun ina aji uku na sakandare nake zuwa shagon Kawu bayan an tashi makaranta, in share, in goge kanta, in jera kwalaye, har hannuna ya saba ko da dare anka ɗauke wuta ina iya miƙa hannu in ɗauko Flagyl ba sai na haska ba. Shagon yana nan Jega bakin hanya, ba wani babba ba ne, amma mutanen unguwa da na ƙauyukan kewaye duk sun san shi, Kawu kuma likita suke ce mishi duk da bai taɓa shiga makarantar likita ba, wurin ubangidanshi ya koya, ni ma wurinshi na koya.

Abin da munka fi ciniki da shi shi ne haɗi. Mutum ya zo ya ce cikina ke murɗawa a haɗa min na ɗari biyu, sai ka sa almakashi ka yanko kafson nan ja da yalo biyu, Flagyl biyu, farasitamol biyu, ka ƙulle a leda ka ce ya sha safe da dare. Mai mura a ba shi Ampiclox. Zazzaɓi in ya wuce kwana uku to sunanshi taifot, a ba shi sifro. Mai jego a ba ta kafso wai don ya wanke ciki, jariri ma tun ranar da anka haife shi ake ɗiga mishi Ampiclox na ruwa wai saboda dattin ciki. Kati cikakke kuwa ba mai saye sai ma'aikaci in an yi albashi. Kuma wallahi duk shekarun nan a zuciyata taimako nake yi, don mutum zai dawo ya ce Allah ya saka na ji sauƙi, me kake so ka ji da ya wuce haka.

Kawu yana da matsalar fitsari irin ta manya, ya daɗe da ita. Duk sanda ya ji zafi sai ya ɓalli sifro ya sha kwana biyu ko uku, da ya lafa sai ya bari, haka ya yi shekaru. To wannan karon bai lafa ba. Zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar ɗari cikin zafin nan na bazara, na canza mishi Septrin shiru, na koma allurar seftirazon kwana uku ni da kaina nake mishi shiru, a rana ta huɗu ya fara kiran sunan mutanen da sunka daɗe da rasuwa. Nan Inna ta ce in ba za ku kai shi ba ni zan kai shi. Munka ɗauki shatar mota munka bi ta Kalgo sai Birnin Kebbi.

A asibiti sunka ɗebi fitsari da jini sunka ce akwai gwajin da sai an shuka fitsarin a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro sannan a gwada ta da magunguna ɗaya bayan ɗaya, kwana uku ake jira. Ni duk shekaruna a kemis ban taɓa tura kowa wanga gwaji ba, na Widal, wato gwajin taifot, kawai na sani. Da takardar ta fito likitan ya kira ni gefe, matashi ne ba zai girme ni ba, ya nuna min jerin sunayen magunguna, gaban kowane an rubuta harafi ɗaya. Ya ce inda ka ga R ƙwayar cutar ba ta jin maganin, inda ka ga S tana ji. Na bi da yatsa, amoksilin R, Septrin R, sifro R, seftirazon R, wato duk abin da ke kan kantarmu ke nan. S guda biyu ne kacal a can ƙasa, sunayen ma ban taɓa riƙe su a hannuna ba.

Ya ce me ya sha a gida, na lissafa mishi duka. Ya ce wa ya rubuta, na yi shiru, sai ya gane. Bai zage ni ba, kuma har yau ina ganin girmanshi kan haka. Ya ce malam kuna noman shinkafa ko, na ce muna yi a fadama. Ya ce to in ka tsinka maganin feshi da ruwa da yawa don ya isa gona, ciyawa mai rauni za ta mutu, mai taurin kai ta rage, ita za ta yi iri, baɗi gonarka duk 'ya'yanta ne, ka fesa ka fesa ba abin da zai same su. Haka ƙwayar cuta take, kafso biyu ba ya kashe ta duka, horar da ita yake yi. Ya ƙara da abin da ya fi tsorata ni, ya ce ba jikin Kawunka ne ya saba da magani ba yadda mutane ke faɗi, ƙwayar cutar ce ta saba, ita kuma ba ta zama wuri ɗaya, ta hannu da masai da ruwan sha take bi ta shiga wani, har tana iya miƙa ma wata ƙwayar daban wannan taurin, sai ka ga yaron da bai taɓa shan sifro ba ya kamu da cutar da ba ta jin sifro.

Allurar da ta yi aiki ta jijiya ce, mai tsadar gaske, kullum sai an saya. Kwana goma sha ɗaya munka yi, buhunan shinkafar da munka ajiye don damina duk sun tafi har da ragon Inna. Allah ya yi da sauran kwana Kawu ya tashi.

Da ya samu ƙarfi na karanta mishi takardar na maimaita abin da likita ya faɗi. Ya daɗe bai ce komi ba, can ya ce, yaro, awa kulorokwin ke nan. Ya ce a gabanshi kulorokwin ya mutu, da can ƙwaya huɗu ke tada mai zazzaɓi, anka wayi gari a sha a sha ba labari, har gwamnati ta canza zuwa sabon maganin maleriya da ake kira ACT a 2005, su a lokacin cewa suke jabu ne anka cika kasuwa da shi. Sai ya ce in je in buɗe akwatinshi in ɗauko lasisin shago. Na ɗauko, takarda ce ta yi ja don tsufa, tun ban shiga firamare ba rabon da a sabunta ta.

Dama a lokacin hankalin masu kemis a tashe yake, don a watan Fabrairu na 2024 NAFDAC da PCN, hukumar da ke ba masu sayar da magani lasisi, sun rufe shagunan magani sama da 1,300 a Sabon Garin Kano bayan kotu ta ce su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, mu kuma kayanmu da yawa daga can suke zuwa. A taron ƙungiyarmu ta NAPPMED anka yi ta bayani cewa dokar ta canza, Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar PCN a 2022, yanzu duk inda ake ajiye magani ko sayar da shi a ƙarƙashinsu yake, daga babban famasi har ɗan shago irin namu. Wasu na cewa a jira sai sun zo, in sun zo a san yadda za a yi. Ni dai da takardar R ɗin nan a aljihuna na kasa jira.

Zuwan farko ofishin PCN a Birnin Kebbi tambaya kawai na je yi. Wata Hajiya ce ta saurare ni, na ce ranki ya daɗe shagon Kawuna ne, ya tsufa, ni nake riƙe da shi, lasisi ya mutu tuntuni. Ta ce ai lasisi ba gado ba ne, na mutum ne da kuma wurin da anka duba, don haka da sunana zan nema sabo. Ta faɗa min abin da zan kawo, takardar neman izini da hannuna, takardun makaranta, hotuna, shaidar shekaru don sai ka kai 21, da takardun mutum biyu masu mutunci da za su tsaya min. Kuɗi kuma a banki ake biya a kawo rasit. Na samu tsohon hedimastanmu da wani ma'aikacin lafiya mai ritaya sunka rubuta min, na cike fom, na kai, wannan ɓangaren bai wahalar da ni ba sai dai kuɗin mota da zaman jira.

Duba shago shi ne inda na sha aiki. An gaya min tun farko abin da za a duba, to shagonmu kwano ne tsirara ba silin, taga ɗaya ƙarama, kuma a gefe muna sayar da fiya-fiya da maganin feshi. Sai da na sa silin, na fasa bango anka ƙara taga, na gyara daɓe, na kwashe kayan feshi gaba ɗaya, allon da anka rubuta famasi a kai tun zamanin Kawu na sauke shi don ba mu da ikon amsa wannan sunan, famasi sai inda akwai mai digirin haɗa magani. Maganar silin da farko na ɗauka ƙa'ida ce kawai ta takarda, sai da ɗaya daga cikin masu dubawar ya ɗauko kwali ya nuna min inda anka rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, ya ce a watan Afrilu nan Kebbi waje ma ya wuce 40, to ƙarƙashin kwano fa. Ya ce maganin da zafi ya dafa ƙarfinshi ya ragu, mai shan shi ko ya shanye kati duka kamar rabi ya sha, ka ga an koma maganar feshin da anka tsinka.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Daren da za su zo na kwashe allurai da katan biyu na antibayotik, wato magungunan kashe ƙwayar cuta irin su sifro da Ampiclox, na kai ɗakin Inna, don haka kowa ke yi, in sun tafi a maido. Sun zo sun duba sun tafi, da magariba na shiga zan ɗauko sai na tarar Kawu zaune kan tabarma kusa da katan ɗin. Ya ce ina za ka da su. Na ce shago Kawu, jarinmu ne fa, kusan rabin kuɗin shagon yana ciki. Ya ce na sani, ni na saye su, amma in maida su za ka yi to mi ya kai ka Birnin Kebbi, ka bar kuɗin motarka mana. Washegari na kira dilan da muke sari wurinshi ya karɓi masu sauran kwana a ƙasa da kuɗin da munka saya, waɗanda sunka kusa lalacewa kuma na tattara na miƙa don a ƙone. Na yi asara, ba ƙarama ba, sati biyu ina barci da lissafinta.

Sai bita, wadda dole ne kafin a ba ka lasisi. A wani zaure anka tara mu, mutanen Argungu, Zuru, Yauri, Kamba, Bunza, ko'ina. Sunka raba mana jerin magungunan da doka ta yarda mu sayar, sunka ce abin da babu a ciki ba naka ba ne, ba allura, ba ƙarin ruwa, ba kwantar da mara lafiya a bayan kanta, ba yanka kati a ƙulla a leda, magani a cikin kwalinshi na asali za ka sayar. Sun kuma yi bayanin matakai uku, na farko irina da ba mu yi karatun lafiya ba, na biyu waɗanda sunka yi, kamar nas da masu CHEW, wato takardar aikin lafiya a matakin farko, irin yaran da ke fitowa daga makarantar lafiya ta nan Jega, na uku masu takardar taimaka ma mai haɗa magani, kowa da iyakar abin da zai taɓa. Sun nuna mana duba lambar NAFDAC da kankare katin nan a tura lambar ta waya don gane jabu.

Amma darasin da ya fi zauna min shi ne na antibayotik. Malamar ta ce a 2019 mutum miliyan 1.27 ne sunka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da sunka daina jin magani, a Najeriya kaɗai 64,500. Ta ce hukumar lafiya ta duniya ta kasa magungunan nan gida uku tun 2017, kore waɗanda ake fara amfani da su irin amoksilin, yalo waɗanda ake taka-tsantsan da su, ja kuma na ajiya sai komi ya gagara. Sifro da seftirazon duk a yalo suke, mu ko muna ba da su kamar alawa. Ampiclox ɗin nan da muke ɗura ma jarirai yana ma cikin haɗe-haɗen da hukumar ta ce ba ta goyon bayan amfani da su. Kafson nan namu na ja da yalo kuma, wato tetracycline, ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba saboda yana ɓata haƙori, na tuna yara nawa na buɗe ma kafso anka zuba a koko, jikina ya yi sanyi. Mura kuwa ta ce yawancinta bairos ne, antibayotik ba ya taɓa shi ko kaɗan, da ka sha da ba ka sha ba za ta yi kwanakinta ta tafi, gudawar yara ma yawanci haka, abin da ke kashe yaro ƙarewar ruwan jiki ne, maganinshi ORS da zink na kwana goma.

Ta kuma ce gwamnati tana da tsari a rubuce, NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, ta jagoranci na farko daga 2017 zuwa 2022, na biyu daga 2024 zuwa 2028, kuma ba ma'aikatar lafiya kaɗai ba, har ta gona da ta muhalli, don dabbobi ma ana ɗirka musu. Wannan kam ba sai an gaya mana ba, makiyaya wurinmu suke sayen ja da yalo na mutane su ba awaki, masu kaji su zuba a ruwan sha tun suna 'yan tsaki, a yi ma saniya allura yau gobe a tatsi nono a kawo kasuwa, ba mai jiran kwanakin da anka rubuta a jikin kwalba.

Ana cikin haka wani dattijo daga yankin bakin kogi ya miƙe, ya ce Hajiya a gafarce ni, garinmu ba likita, asibitin da ke akwai ma'aikaci ɗaya ne kuma ba nan yake kwana ba, da damina sai da jirgi ake fita, mace ta buga min ƙofa ƙarfe biyu na dare da yaro yana numfashi sama-sama, in ce mata ta kawo takardar likita, likitan wa. Zauren ya yi tsit sannan kowa ya ɗauki magana lokaci ɗaya. Malamar ta ce ta san da haka, ta ce ya ba da abin da ke cikin jerinshi, ya koyi alamomin hatsari, ya taimaka a fitar da yaron da wuri, don sau da yawa abin da ke jawo asarar rai shi ne kwana ukun da ake ɓatawa ana gwada magani a kemis. Dattijon ya zauna amma na ga bai gamsu ba. Ni kaina kwana ukun nan na ɓata a kan Kawu, don haka na san gaskiya ta faɗa, shi ma kuma gaskiya ya faɗa, doka ta ce sai da takardar likita alhali akwai garuruwa da yawa a jihar nan da mai rubuta takardar babu shi.

Bayan wasu watanni anka kira ni na je na karɓo lasisin, na sa shi a firam na rataye inda duk wanda ya shigo zai gani. Ƙarshen Disamba yake ƙarewa, kowace shekara sai an sabunta, kuma akwai bitar ƙarin ilimi da ake komawa.

Ciniki ya faɗi, wannan ba zan yi ƙarya ba. Wasu tsofaffin kwastomomi sun ce na fara girman kai, wata gwaggo ta ce min tun kana cikin zane nake sayen kafso a shagon nan yau kai za ka ce min sai da takarda. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri, ba rowa ba ce, ta juya ta tafi. Kuma na san inda ta tafi, tasha, wurin masu talla da faranti a ka, magani na shan rana tun safe, ja da yalo, Flagyl, har tramol duk a buɗe. Abin nan shi ke ci min rai, don dokar hana jabun magunguna da ke cikin kundin dokokin 2004 ƙarara ta hana tallar magani a kasuwa da tasha da cikin mota da bakin titi, ba sabuwa ba ce. Mai ƙofa shi ake iya sa ma kwaɗo, mai faranti ya hango mota ya shige lungu. In har ana son abin ya yi aiki to sai an bi ta inda suke sari, sannan a sa ma'aikata a ƙananan asibitoci waɗanda za su kwana a garin, a kuma kawo gwajin shukar nan kusa da mutane da kuɗin da talaka zai iya, don yanzu mutum ya lissafa kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi da kuɗin kati da na gwaji da jiran kwana uku, ya dubi haɗin ɗari biyu, ka san wanda zai ɗauka, kuma ba wauta ce ta sa shi ba.

Abin da na koma yi shi ne na samu lambar ma'aikaciyar asibitin unguwarmu, in na ga abin ya fi ƙarfina in rubuta 'yar takarda in tura mutum wurinta in kuma kira ta, in ta rubuta antibayotik su je famasi su saya cikakke. Na sayo abin gwajin maleriya na yatsa, da yawan taifot ɗin da muke cewa ashe maleriya ce, wasu ma ba ko ɗaya. ORS da zink yanzu su ne a gaban kanta inda Septrin yake da. Matan da sunka gwada sunka ga yaro ya tashi su ke kawo min wasu, a hankali dai, bai kai cinikin da ba.

Kawu ba ya iya tsayuwar kanta yanzu, benci yake zama bakin ƙofa da carbinshi. Takardar gwajin nan ya sa anka yi mata leda, tana aljihun gaban rigarshi kullum. Jiya mutum uku sunka nemi ja da yalo, biyu da na ce babu ko sauraren dalili ba su yi ba sunka nufi tasha. Na ukun wani magidanci ne daga wajen Aliero, ya ce shi fa duk wata sai ya sha saboda sanyi, ya tsaya yana min gardama, sai Kawu ya matsa mishi wuri kan benci ya ce zamna nan ɗana in gwada maka wani abu, ya ciro takardar ya ɗora yatsa kan R na farko.